Shayin da Ya Kusa Hana Yaya Malam Haƙora

Tun da muka dawo daga Misra ban huta ba. In na zauna a rumfata ta kasuwar hatsi a Funtua, kafin a ɗinke bakin buhu ɗaya mutum uku sun tsaya a kaina: "Alhaji Ɗanjuma, yaya ƙasar Fir'auna? Wai ina haƙoran Malam ɗin?" Na maimaita har maƙogwarona ya bushe. To yau zan zazzage muku shi gaba ɗaya, wanda ya ji ya gaya wa wanda bai ji ba, a bar ni in yi cinikina.

Malam Isiyaku yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu. Yana zaune a ƙauyenmu kusa da Ƙarfi, yana noma masara da auduga. Tun ina saurayi shi ke jan baƙi a tafsirin watan azumi, wato ya karanto aya, Liman ya fassara. Wanda bai ji muryar Yaya Malam ba, ban san yadda zan kwatanta masa ita ba. Mata kan bar girki su matso bakin danga don su ji.

Sai ciwon sukari ya kama shi. Dasashinsa ya riƙa kumbura yana jini, haƙora suka yi ta girgiɗa suna zubewa. Na kai shi Zariya aka yi masa na roba, irin waɗanda ake cirewa a ajiye cikin kofi. Dasashin bai daina zaizayewa ba, har robar ta yi masa yawa. A azumin da ya wuce, yana tsakiyar aya, ya ja numfashi zai ɗaga murya, sai ga haƙoran a kan cinyarsa. Wasu marasa kunya a sahun baya suka tuntsire da dariya. Ya rufe Alƙur'ani, ya tashi, bai sake komawa ba. Tun ranar ya ja gefen rawani ya rufe bakinsa. Ko a ɗakinsa ba a ƙara jin karatunsa a fili ba. Wallahi abin ya fi ciwon kansa ci mini rai.

Alhaji Lasisi, Bayaraben nan haifaffen Funtua mai shagon kayan keke, shi ya fara tsegunta mini cewa yanzu akwai dashen haƙori, a kafa shi cikin ƙashin muƙamuƙi, ba cirewa ba faɗuwa. Ya haɗa ni da wani likitan haƙori a Kaduna, shi kuma ya ce a nan ba su fara ba, amma ya san wani a Alƙahira. Ni kuwa ina jin haka sai na shafa haƙorina na Makka. Da hantsi na zauna a shagon mai sa shi, kafin azahar na fito ina walƙiya. Na ce ai duk kanwar ja ce. Ban tsaya tambayar tsawon lokaci ba, na je ƙauye na shelanta cewa mako biyu mun je mun dawo. Liman ya ji daɗi, ya ce wurin Malam na nan yana jiransa a azumi mai zuwa, ba za a ɗora kowa ba.

Muka tashi bayan an gama kai amfanin gona gida. Yaya Hanne, matarsa, ta haɗa mana guzuri kamar masu ƙaura: garin tuwo, kuka, daddawa, busasshiyar kuɓewa, da galan ɗin zuma, domin Yaya Malam kullum da safe sai ya sha cokali biyu, a cewarsa zuma magani ce, ba ta cikin lissafin zaƙi. Fijo ta ɗauke mu daga Malumfashi muka bi ta Dayi da Gwarzo. Kafin mu shiga Kano taya ta yi bindiga, sifiya kuma babu iska. Na sauke wa direban kwandon masifa a bakin titi. Yaya Malam ya leƙo ta taga ya ce, "Ɗanjuma, faɗanka ba zai hura tayar nan ba." Muka jira mai faci.

Yaya Malam bai taɓa shiga jirgi ba. Da jirgin ya fara gudu zai ɗaga, ya damƙe hannuna har sai da na ji zafi. Da aka daidaita a sama kuwa, sai ga shi yana leƙen taga yana tambayata ko waccan ƙasar ta ƙasa ana noma ta. Aka kawo abinci a 'yan faranti, ya dube shi ya ture mini, don ba zai yi mamular nama a gaban baƙi ba.

A filin jirgin Alƙahira muka fara shan kunya. Ma'aikacin kwastan ya zare ƙullin daddawa, ya kwance, ya kai hanci. Jama'a, sai da ya ja da baya taku biyu! Ya kira abokan aikinsa, kowa ya shinshina ya yamutse fuska. Na yi ta nuna musu da hannu cewa miya ake yi da ita, suna kallona kamar na ce guba nake ci. Daga ƙarshe shugabansu ya toshe hanci ya yi mana alamar mu kwashe kayanmu mu ba su wuri. Wannan ta dariya ce. Wadda ba ta dariya ba ita ce ta wurin duba fasfo. Jami'in ya dubi hoto, ya dubi Yaya Malam, ya ce ya sauke rawanin daga bakinsa. Ga layi a bayanmu, maza da mata. Ya sauke a hankali, idonsa a ƙasa, kumatun nan sun lotsa. Ana buga hatimi ya mayar da sauri. Muka fita muka shiga tasi.

Masaukinmu wani tsohon bene ne a wata unguwa mai cunkoso, ɗaki biyu da ɗan madafi a hawa na huɗu. Akwai wani keji na ƙarfe da ke hawa da mutane sama. Yaya Malam ya ce shi ba kaza ba ne, da ƙafarsa zai riƙa hawa. Sanyi kuwa ba a magana. Ni da na ɗauka duk ƙasar Larabawa zafin Makka ne, 'yar shara na cika jaka da ita, sai da na sayi wata rigar ulu mai ƙaiƙayi.

Mutanen nan sai a hankali. Mota ba ta motsawa sai da oda, ko da titin babu kowa. Mutum biyu za su yi ta ihu suna nuna juna da yatsa, ka ce yanzu za a zubar da jini, sai ka ga sun rungume juna suna sumbatar kumatu, ashe gaisawa suke. Mace tana hawa na biyar za ta zuro kwando da igiya ta taga, mai gurasa ya zuba mata, ta janye abinta. Na ce da matanmu sun ga wannan dabara, da 'yan aike sun huta. Abincinsu na safe wake ne da aka dafa har ya narke, a zuba mai da lemun tsami. Wannan ya yi wa Yaya Malam daidai, tunda ba ya neman tauna.

Mai gadin benen wani dattijo ne, Ammu Usman (Ammu shi ne baffa a yarensu), mutumin kudancin ƙasar, baƙi kamar mu. In ya zauna kan bencinsa da farar riga da rawani, sai ka rantse daga Bakori ya zo. Ran da muka sauka ya riƙe hannun Yaya Malam ya ƙi saki, yana ta kiransa Shehu.

Likitan da aka tura mu wurinsa gajere ne mai sanƙo, hannunsa kullum ƙamshin sabulu. Ya duba bakin, ya ɗauki hoton ƙashi, ya tura mu a ɗebi jini. Da sakamako ya fito sai ya cire tabarau ya yi dogon bayani da Larabci. Ni Larabcina na cinikin tasbaha ne, Yaya Malam kuwa ya sha littattafai, don haka shi ne tafinta.

Na ce, "Yaya, me ya ce?"

Ya ce, "Ya ce alhamdu lillahi, da sauƙi. Mu ɗan jira."

Na dubi fuskar likita. Ba fuskar da sauƙi ba ce. Na tattaro ɗan Turancin firamaren da ya rage mini na tambaye shi da kaina. Ashe yana ji. Nan ya warware mini komai dalla-dalla. Ya ce sukarin da ke jinin Malam ya yi yawa ƙwarai, kuma mai irin wannan ciwo rauninsa ba ya saurin warkewa, ƙwayoyin cuta kuma suna samun wurin zama. In ya huda ƙashi a haka, ƙarfen ba zai kama ba, wurin zai ruɓe, a yi asarar ɗan ƙashin da ya rage. Sai sukari ya sauka ya zauna tukuna. Sannan ya ƙara da wadda ta kashe mini jiki: ko an yi aikin, 'yan ƙusoshi ne za a kafa cikin ƙashi a rufe da dasashi, mu koma gida watanni ƙashi ya riƙe su, mu sake dawowa a ɗora haƙora a kai. Mai sukari ma jiransa ya fi na kowa tsawo.

Na buɗe baki na nuna masa haƙorina na Makka, na ce wannan fa yini ɗaya aka yi. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce wannan hula ce aka sa wa haƙori mai rai, shi kuwa tushe zai kafa inda babu komai.

A hanyar komawa na ce, "Yaya, ashe ka ji duk wannan ka ce mini da sauƙi?"

Ya ce, "To me zan ce maka? Ka riga ka cika gari da mako biyu." Can ya ce, "Azumin bana ya wuce ni ke nan."

Na ce, "Na baɗi fa?"

Ya ja rawaninsa ya ƙara rufe baki.

Aka haɗa mu da likitar sukari, wata mace mai faɗa kamar uwar miji. Ta sa masa allura safe da yamma, ta hana zuma, ta rage gurasa, ta ce tuwon ma ɗan dunƙule. A kan zuma sai da suka yi muhawara, yana jawo mata hujja tana jawo masa, daga ƙarshe ta ce ita ba ta musa cewa waraka ce ba, amma ba ga jininsa ba. Na ɗauke galan ɗin na kulle a akwatina. Na zama ɗan sanda a kansa. Ni ke dafa miyar kuka, ni ke auna tuwo, ni ke tsaye har ya yi allura.

Amma duk sanda aka auna jini, sukari na nan daram. Bizarmu ta wata ɗaya ce, ga kwanaki suna ta zurarewa. Likitan haƙori ya ce mini a fili, in awo na gaba bai sauka ba, mu koma gida, shi ba zai taɓa bakin ba. Na duba akwati, zuma ba ta ragu ba. Na rasa inda ɓarakar take. Na san kuma in muka koma hannu rabbana, Yaya Malam ya rufe bakinsa ke nan har kabari.

Kullum bayan la'asar nakan fita kasuwa cefane, in bar shi yana hutawa. Ran nan na manta jakar cefanen, na juyo. Ina shiga ƙofar bene sai na ji wata murya daga ɗan ɗakin mai gadi da ke ƙarƙashin matakala. Na tsaya cik. Karatu ne, ƙasa-ƙasa, wasu haruffan suna zillewa saboda rashin haƙora, amma muryar ita ce. Rabona da ita tun ranar da aka yi masa dariya. Na leƙa. Ga Yaya Malam zaune kan tabarma, rawani a sauke, Ammu Usman a gabansa ido rufe yana kaɗa kai, hawaye na bin gemunsa.

Sai idona ya sauka kan tire. Kofin shayi uku, babu komai ciki, a gindin kowanne sukari ya kwanta kamar laka. Ga na huɗu a hannun Yaya Malam.

Ban san sanda na faɗa ɗakin ba. "Haba Yaya! Haba Yaya Malam! Muna can muna auna maka tuwo kamar maraya, kai kana nan kana shan madi?"

Ya ajiye kofin. "Sannu da ihu. Mutum ya karrama ka a ɗakinsa, ya miƙo maka abu da hannunsa, ka ce ba ka sha? A gidan wa aka koya maka haka?"

"Ka gaya masa kana da ciwo mana!"

"In zo ƙasar mutane ina tallar ciwona?" Ya dubi mai gadin. "Ɗanjuma, mutumin nan bai taɓa yi mini dariya ba. In na ƙi shayinsa, da wane ido zan dawo in zauna?"

Na san halin gidanmu. Mahaifinmu ko ruwan kwata aka ba shi a gidan mutane sai ya kurɓa ya yi godiya. Kuma na gane ba shayin ke kawo shi ɗakin nan ba.

Ammu Usman yana ta kallonmu bai san abin da ake ciki ba. Na nuna kofin, na nuna bakin Yaya, na kwaikwayi allura a hannu, na faɗi kalmar sukari, wadda su ma kusan haka suke kiranta. Dattijon nan ya dafe kai da hannu biyu. Ya juya kan Yaya Malam ya rufe shi da faɗa, har da buga ƙirji. Wannan karon na ce a fassara mini tsakani da Allah.

Yaya Malam ya sunkuyar da kai ya ce, "Wai na sa shi yana cutar da ni da hannunsa yana zaton alheri yake yi. Wai baƙon da ke ɓoye wa mai gida abin da zai kashe shi bai ɗauke shi ɗan'uwa ba."

Na ce, "To ka ji. A ƙasarsu ƙin faɗar ne rashin mutunci."

Daga ranar Ammu Usman ya karɓe aikin ɗan sanda daga hannuna, kuma ya fi ni tsanani. Ya ɗauke gwangwanin sukari daga ɗakinsa gaba ɗaya, shi ma ya daina sha. Ya koma dafa musu zoɓo, wanda su ma suna da shi, tsurarsa mai tsami, su biyu suna kurɓa suna yamutsa fuska. Ya bi mai shagon kusa da mai gurasa ya gargaɗe su. Bayan karatu ya tasa Yaya Malam gaba su zaga unguwa da ƙafa. Ya raka ni wani ofishi mai layi kamar na sayen takin zamani, aka ƙara mana kwanakin biza. Awo na gaba sukari ya fara sauka. Na bayansa ya ƙara sauka, ya zauna. Likitar nan mai faɗa ta dubi takarda ta dubi Yaya Malam, karon farko na ga haƙoranta.

Ranar aiki ina zaune a waje ina jan tasbaha, ina jin ƙarar injin kamar na mai faci. Da aka fito da shi kumatu sun kumbura, bakin cike da auduga. Likitan ya nuna mini hoto, ga 'yan ƙusoshi a jere cikin ƙashin, sama da ƙasa. Ya ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta da na kurkure baki, ya ce kada a kuskura a ɗora tsohuwar robar nan a kai yanzu. Muka zauna har aka cire zare, ya ga wurin ya haɗe ba ruwa ba wari. Ya ce rabin aiki nasa ne kuma ya gama, sauran rabin yana cikin kwanon abincin Malam. In sukari ya sake hawa a gida, ƙashin zai saki abin da aka ba shi.

Ran da za mu taho Ammu Usman ya rungume shi ya sumbaci kumatunsa biyu. Yaya Malam da ke sandarewa in an yi masa haka, wannan karon shi ma ya rama. Na bar wa dattijon galan ɗin zuma da sauran daddawa. Zumar ya karɓa da murna, daddawar kuwa don kunya.

Tun daga Kano nake zullumi, don na san abin da ke jiranmu. Muna isa ƙauye zaure ya cika maƙil, kowa ya zo ganin haƙoran Misra. Ina shirin tashi in yi bayani in ɗauki laifin, sai Yaya Malam ya riga ni. Ya sauke rawanin daga bakinsa da kansa, a gaban kowa, ya ce, "Ku duba da kyau, babu komai tukuna. Suna ciki, sai ƙashi ya riƙe su, bayan damina mu koma." Ya juya wurin Liman. "Allah gafarta Malam, bana a ba wani ya ja baƙin. Ni zan zauna kusa da shi."

Ba wanda ya yi dariya.

Liman dattijo ne, shi ya karantar da Yaya Malam tun yana yaro, Yaya Malam kuwa bai taɓa ce masa a'a ba. Ya sa aka shigo da ƙwarya daga gidansa, fura ce da nono, an dama ta da zuma musamman don tarbar ɗalibinsa. Ya ɗauka da hannunsa ya miƙa masa. "Sha, Isiyaku, ka sha hanya."

Na buɗe baki zan yi magana, sai na ga ba hurumina ba ne. Yaya Malam ya karɓi ƙwaryar hannu biyu. Ya daɗe yana kallonta, gumi na tsattsafo masa a goshi. Sannan ya durƙusa ya ajiye ta a gaban malaminsa.

"Allah gafarta Malam, ka yafe mini, ba zan sha ba. Ciwon sukari gare ni, kuma ina da karatu baɗi."